Yada zango da motar tafi-da-gidanka a bakin Tafkin Guntersville: tambayoyi da amsoshi

Guntersville ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Mutanensa ba su kai 9,000 ba a ƙidayar 2020, kuma yana zaune ne a kan wani tsiri na ƙasa da ruwa ya kewaye ta ɓangarori uku. Duk da ƙanƙantarsa, baƙi ba sa yankewa a cikinsa daga watan Maris har zuwa ƙarshen Oktoba, kuma da yawansu ba otal suke nema ba, sukan zo ne da ɗakin kwanansu a kan tayoyi. Amsoshin da ke tafe an tsara su ne domin wanda ke zaune a Amurka ko ya je ziyara, yake kuma so ya kwana a bakin wannan tafki da iyalinsa a karon farko.

Mece ce motar tafi-da-gidanka, kuma iri nawa ce?

Amurkawa suna kiranta RV a taƙaice. Mota ce, ko ɗaki mai tayoyi, da aka ƙera da gado da murhun gas da firiji da banɗaki da tankunan ruwa, ta yadda iyali za su yi kwanaki a cikinta ba tare da sun kama ɗaki ba. Kashi biyu ce babba. Akwai wadda take da injinta, ana tuƙa ta kai tsaye, akwai kuma wadda sai an ɗaura ta a bayan wata motar an ja ta. Masu inji an kasa su aji uku: ajin A mai girman bas, ajin B wanda bai wuce ƙaramar motar ɗaukar kaya ba, da ajin C da ke tsakaninsu, wanda ake gane shi da gadon da ya leƙo a saman kan direba. A cikin waɗanda ake ja kuwa, akwai wadda ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota, da wata babba da ake ɗora wuyanta a tsakiyar bayan a-kori-kura. Ajin C shi ne kamfanonin haya suka fi bayarwa, kuma shi ya fi dacewa da sabon shiga mai iyali.

Wane irin tafki ne wannan?

Ba tafkin asali ba ne, ɗan Adam ne ya tare ruwan. Hukumar raya kwarin Kogin Tennessee, wadda aka fi sani da TVA, gwamnatin shugaba Franklin Roosevelt ce ta kafa ta a 1933, ita kuma ta fara gina madatsar ruwan Guntersville a 1935 ta kammala a 1939, domin samar da lantarki da sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen ruwa da rage ambaliya. Ruwan da ya taru a bayan madatsar ya mamaye eka kusan 69,000, ya kuma miƙe tsawon mil 75, wato kimanin kilomita 120, har zuwa madatsar Nickajack da ke cikin jihar Tennessee. Shi ne tafki mafi girma a Alabama.

Wannan tarihi yana da amfani kai tsaye ga mai neman wurin kwana ta fuska biyu. Ta farko, ruwan tafkin ba ya hawa da sauka sosai: bambancin da ke tsakanin cikarsa da raguwarsa a shekara bai cika wuce ƙafa biyu ba, saboda haka wanda ya kama gurbi a gaɓar ruwa zai tarar da ruwan a gabansa ko da a watan Janairu ne, saɓanin wasu tafkunan TVA na kan duwatsu da ake janye ruwansu da hunturu har gaɓa ta koma laka. Ta biyu, babban ɓangare na gaɓar tafkin ƙasar hukuma ce, don haka sansanonin da ke wurin masu su daban-daban ne, kuma dokokinsu da kuɗinsu da irin kulawar da ake samu a cikinsu suna bin wanda yake tafiyar da su ne.

Waɗanne sansanoni ake da su kusa da garin?

Mafi girma kuma mafi shahara shi ne na gandun shaƙatawar jiha mai suna Lake Guntersville State Park, wanda ke 'yan mil kaɗan arewa maso gabas da garin a kan hanya mai lamba 227. Gandun yana da faɗin eka kusan 6,000, sansaninsa kuma yana da gurabe kusan 300 a kusa da ruwa, tare da ɗakunan wanka da wurin wanki da shagon ƙananan kayayyaki da gaɓar iyo da wurin saukar da jirgi. A saman Dutsen Taylor akwai masauki mai ɗakuna da gidan abinci, inda ake hango tafkin shimfiɗe daga sama. Barewa suna yawo a tsakanin gurabe da yamma ba tare da tsoron mutane ba, abin da yara ke matuƙar so, ko da yake ba a yarda a ba su abinci ba.

Sai sansanonin da ke kan ƙasar TVA waɗanda aka ba 'yan kasuwa su gudanar, irin su Honeycomb da ke gefen babbar hanya mai lamba 431 ta ɓangaren birnin Huntsville. Idan aka bi tafkin sama zuwa garin Scottsboro, akwai Goose Pond Colony, mallakar hukumar birnin, da Jackson County Park na ƙaramar hukumar yankin. Akwai kuma sansanonin 'yan kasuwa zalla da suka warwatsu a mashigan ruwa, waɗanda yawancin mazaunansu masu haya ne na wata-wata ko na shekara, musamman masunta da tsofaffin da suka yi ritaya.

Wasu gandayen jiha biyu ba a kan gaɓar babban tafkin sansanoninsu suke ba, amma suna kusa. Buck's Pocket yana cikin wani kwazazzabo mai zurfi, sansaninsa ƙarami ne mai shiru, hanyar shigarsa kuma tana da gangara da kwana-kwana, don haka mai doguwar mota ya tuntuɓi ofishin gandun kafin ya doshi wurin. Cathedral Caverns kuwa sunansa ya fito ne daga wani katafaren kogo mai baki mai faɗin ƙafa 126 da tsayin ƙafa 25, wanda cikinsa ke da sanyi a kowane lokaci na shekara.

Wanne ya fi dacewa da wanda bai taɓa yi ba?

Gandun jiha. Dalilin ba kyawun wuri ba ne, domin akwai ƙananan sansanoni da suka fi shi inuwa da kusanci da ruwa. Dalilin shi ne akwai ma'aikata da masu gadi da ke zagayawa, akwai ginannun ɗakunan wanka da za a iya fakewa a ciki idan hadari ya haɗo, akwai kuma maƙwabta ƙwararru waɗanda al'adar zaman sansani ta koya musu taimakon wanda ya kasa mayar da motarsa baya ko ya rasa yadda zai haɗa tiyo. Mutane da yawa suna zaɓen gurbi ne da hoton ruwan da suka gani a intanet, sai sun iso su tarar wutar wurin ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ɗakinsu, ko gurbin ya yi wa motarsu gajarta. Tsarin da ya fi hankali shi ne a fara da tsawon mota, sannan irin wutar da take buƙata, sannan inuwa da nisan mafaka, kallon ruwa ya zo daga ƙarshe.

Wani abu da ya kamata a sani game da wannan gandu shi ne guguwar ranar 27 ga Afrilu, 2011, ta tumɓuke dubban itatuwa a cikinsa, ciki har da mafi yawan waɗanda ke yi wa sansanin inuwa. An sake gina wurin an kuma dasa sababbi, amma har yanzu gurabe da dama a fili suke, rana na dukansu tun daga hantsi har la'asar. Wanda zai zo a watan Yuli ko Agusta ya tambayi gurbi mai inuwa da bakinsa.

Me ake nufi da gurbi mai cikakken haɗi?

Gurbi ne da aka tanadar masa abubuwa uku a gefensa: turken lantarki, famfon ruwan sha, da bakin bututun da ƙazantar motar ke bi ta wuce. Akwai gurabe masu wuta da ruwa kawai, akwai kuma na daji da ba su da komai sai tebur da wurin hura wuta, waɗanda masu tanti suka fi amfani da su. Wanda gurbinsa ba shi da bututun ƙazanta zai tuƙa motarsa zuwa wani keɓaɓɓen wuri a bakin sansanin ya zubar idan tankuna sun cika ko ranar tafiya. Haka nan gurabe sun bambanta ta hanyar shiga: wani ana shiga ta gaba a fita ta gaba, wani kuma sai an yi baya-baya. Na farkon ya fi tsada kaɗan a wurare da yawa, amma ga mai jan ɗaki a karon farko kuɗin bai tafi a banza ba.

Mene ne bambancin amp 30 da amp 50?

Amp ma'auni ne na yawan wutar da soket ke iya bayarwa, kuma bambancin ya fi yadda lambobin suka nuna. Soket mai amp 30 layi ɗaya ne na volt 120, yana ba da wat 3,600. Mai amp 50 kuwa layi biyu ne, kowanne amp 50, jimillarsu wat 12,000, fiye da ninki uku ke nan. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya tana cin amp 12 zuwa 15, butar dafa ruwa ta lantarki tana cin kimanin 12, don haka mai amp 30 da ya kunna na'urar sanyaya ɗaki da buta da tanderun ɗumama abinci a lokaci guda, wutarsa za ta ɗauke. Manyan motoci masu na'urar sanyi biyu suna buƙatar amp 50. Ana sayar da mahaɗin da ke ba da damar sa filogin wannan a soket ɗin wancan, sai dai mahaɗin ba ya ƙara ƙarfin wuta, siffar bakin kawai yake sauyawa.

Wanda ya zo da kayan wuta daga Najeriya ko Nijar ko Ghana ya tuna cewa an ƙera su ne domin volt 220 zuwa 240. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna karɓar kowanne, amma dutsen guga da buta ba za su yi aiki yadda ya kamata ba.

Yaya ake tafiyar da ruwa da banɗaki?

Motar tana da tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bahaya. A haɗa famfo da farin tiyo na ruwan sha wanda ba a amfani da shi a wani aiki, a kuma sa ɗan ƙarfen da ke rage ƙarfin ruwa a bakin famfon, domin bututun cikin motar na roba ne kuma ruwan wasu sansanoni yana da ƙarfin da zai iya fasa su.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne barin tankin bahaya a buɗe saboda suna gurbi mai cikakken haɗi. Idan aka yi haka, ruwa yakan tsiyaye ya bar abin da ya rage ya taru ya bushe a ƙasan tankin, kuma gyaran wannan aiki ne mai wahala. Daidai shi ne a bar shi a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, sannan a buɗe shi ya fita da ƙarfi, a rufe, a biyo da tankin ruwan wanka domin ya wanke tiyon. Al'adarmu ta tsarki da ruwa ta dace da wannan tsari, tun da yawan ruwa shi ne lafiyar tankin, sai dai zai riƙa cika da wuri, kuma iyali mai mutum biyar ko shida ya fi kyau su biya kuɗin gurbi mai bututu.

Wane lokaci ne ya fi daɗin zuwa?

Oktoba da farkon Nuwamba, lokacin da zafi ya karye, sauro ya ragu, ganyayen kan duwatsu suka rikiɗe zuwa ja da rawaya. Afrilu da Mayu ma suna da daɗi kuma kifi yana ci sosai, amma lokacin manyan hadura ne. Daga Yuni zuwa Agusta zafin rana yana kai digiri 32 a ma'aunin Salshiyos ko fiye, tare da gumi mai nauyi wanda ya fi kama da na Legas fiye da busasshen zafin Kano, kuma mota da aka ajiye a rana ba ta zaunuwa sai da na'urar sanyi. Da hunturu wurin yakan yi tsit, sanyin dare yana sauka ƙasa da sifili a wasu ranaku, don haka a cire tiyon ruwa kafin a kwanta kada ya daskare. A watannin Janairu da Fabrairu ne gandun jihar ke shirya ranakun kallon gaggafa mai farin kai, tsuntsuwar da ke jikin tambarin Amurka, wadda ta kusa ƙarewa a yankin kafin a farfaɗo da ita.

Ranakun hutu uku suna cika kowane sansani maƙil: Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, 4 ga Yuli, da Litinin ta farko a watan Satumba. Mai son waɗannan ranaku ya kama gurbi watanni kafin lokacin.

Shin maganar guguwa abin damuwa ce da gaske?

Ƙwarai kuwa, kuma ita ce tambaya mafi muhimmanci a cikin duka. Arewacin Alabama yana cikin yankunan da guguwa mai juyi ta fi yi wa ɓarna a Amurka, musamman daga Maris zuwa Mayu da kuma wajen Nuwamba. A ranar 27 ga Afrilu, 2011, guguwa 62 ne suka sauka a jihar, mutum fiye da 200 suka rasu. Abin da ya sa na wannan yanki suka fi haɗari shi ne sau da yawa da dare suke zuwa, a lulluɓe cikin ruwan sama, duwatsu da itatuwa kuma suna tare ido, ba a hango su daga nesa.

Motar tafi-da-gidanka ba mafaka ba ce ko kaɗan. Bangonta siriri ne, iska na iya kifar da ita, reshen itace na iya huda rufinta. Da isowa sansani, kafin a sauke kaya, a tambayi ma'aikata inda ake fakewa, a kuma taka da ƙafa tare da yara a ga wurin da rana. A san sunan ƙaramar hukumar da ake ciki, domin da shi ake ba da sanarwa: Guntersville tana cikin Marshall, Scottsboro tana cikin Jackson. Hukumar yanayi tana amfani da kalmomi biyu da bai kamata a rikita su ba. Idan ta ce watch, tana nufin yanayi ya dace da aukuwar guguwa, a zauna cikin shiri. Idan ta ce warning, an ga guguwar ko na'ura ta gano ta, a bar motar nan take a shiga ginin bulo, a nisanci taga. Ƙaramar rediyon yanayi mai batir da ke ƙara da kanta tana da amfani, saboda sabis ɗin waya yana rauni a wasu kwaruruka na yankin.

Ana buƙatar lasisin tuƙi na musamman? Ina ake samun haya?

A yawancin jihohi lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa ga motar da nauyinta bai wuce fam 26,000 ba, wato kimanin kilo 11,800, kuma motocin haya na ajin B da C suna ƙasa da haka. Cruise America kamfani ne mai motocinsa, Outdoorsy da RVshare kuma dillalai ne da ke haɗa mai mota da mai haya. Kowanne yana da ƙa'idar shekaru, wani 21 wani 25, kuma ban da kuɗin kwana akwai na inshora da na nisan tafiya da na ajiya. Man mota ma babban kashi ne na lissafi, tun da motar ajin C mil 8 zuwa 10 take yi da galan ɗaya. A rubuta tsayin motar a manna a gaban direba saboda gadoji da rumfunan gidajen mai. Huntsville, birni mafi kusa mai babban filin jirgin sama, tana da nisan mil 40 ko kusa da haka.

Kamun kifi fa?

Shi ne babban abin da ya fito da sunan tafkin. Ciyayin cikin ruwa sun yawaita a wurare marasa zurfi, kifin da ake kira bass yana girma sosai a cikinsu, har babbar gasar Bassmaster Classic an yi ta a nan a 1976 da 2014 da 2020. Akwai kuma tarwaɗa manya-manya da ƙananan kifaye da yara ke iya kamawa da fatsa daga gaɓa. Baƙo mai shekara 16 zuwa sama yana buƙatar lasisi daga hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, ana sayensa ta intanet ko a shagunan kayan kamun kifi, kuma akwai na 'yan kwanaki. Dokar Alabama ta wajabta wa yaro ɗan ƙasa da shekara 8 sanya rigar hana nutsewa a cikin jirgi. Ma'aikatar lafiya ta jihar tana fitar da sanarwa duk shekara kan kifin da ya kamata a taƙaita cinsa a wasu sassan ruwa, mai niyyar soya abin da ya kama ya duba ta.

Yaya Musulmi zai yi da abinci da salla?

Ya yi guzurinsa daga Huntsville, inda ake da masallaci da shagunan naman halal. A gidajen abincin wannan yanki naman alade ya yawaita, ba a gasasshe kawai ba, har a cikin wake da ganyen da aka dafa akan jefa shi domin ɗanɗano, saboda haka a tambaya kafin a ci. Ƙarfen gashi da ke kowane gurbi mutane da yawa sun yi amfani da shi, a shimfiɗa takardar alminiyom a kai ko a zo da nasa. Alƙibla daga Alabama arewa maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba a gida. Filin da ke gaban motar ya isa shimfiɗa darduma, sai dai a duba ƙasa tukuna saboda jajayen tururuwa masu cizo da ke gina tsibi a cikin ciyawa.

Waɗanne dokoki da ladubba ne baƙo zai kiyaye?

Gurbin maƙwabci kamar tsakar gidansa ne, ba a ratsawa ta ciki ko da ita ce gajeriyar hanya zuwa ruwa. Yawancin sansanoni suna hana hayaniya da janareta daga ƙarfe 10 na dare zuwa safiya, kuma murya tana tafiya nesa a kan ruwa, don haka iyalin da suka saba da doguwar hira su rage sauti. Kare a ɗaure yake yawo. Itacen wuta a saye shi a yankin, kada a ɗauko daga wata jiha, domin ƙwarin da ke kashe itatuwa suna ɓuya a cikin ɓawonsa. Ba a hura wuta sai a cikin zoben ƙarfen da aka tanada, ba a kuma kunna gawayi ko janareta a cikin mota ko kusa da tagarta, saboda hayaƙin da ba shi da wari yana kashe mai barci. Bayan yawo a daji a duba jikin yara saboda kaska, musamman bayan kunne da hammata da bayan gwiwa, a cire ta da hantsaki idan an gani.